JUSTUS LIEBIG, UBAN TAKIN ZAMANI

Malamai da 'yan uwa ɗalibai, filinmu na tarihi a wannan makon ya kawo muku wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus wanda ake yi wa laƙabi da uban takin zamani.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Justus Liebig a garin Darmstadt ranar 12 ga Mayu, 1803. Mahaifinsa mai sayar da fenti da kayan rini ne, kuma a shagonsa yaron ya fara sha'awar haɗa sinadarai. A 1815 dutsen Tambora da ke Indonusiya ya yi aman wuta, toka da hayaƙinsa suka rage hasken rana. A 1816 sanyi ya lalata amfanin gona a Turai, aka shiga yunwa. Liebig yana ɗan shekara 13 a lokacin.

Ya yi karatu a Bonn da Erlangen, sannan ya wuce Faris. A 1824, yana da shekara 21 kacal, aka naɗa shi farfesa a jami'ar Giessen. A can ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje inda ɗalibai ke yin aiki da hannunsu.

Abin da ya koyar

A zamaninsa mutane da yawa sun ɗauka ruɓaɓɓen ganye da ke cikin ƙasa shi ne abincin shuka. A littafin da ya fitar a 1840, Liebig ya bayyana cewa shuka tana samun wani abincin daga iska, sauran kuma sinadarai ne da saiwa ke sha daga ƙasa. Duk girbi yana kwashe su, don haka dole a mayar wa gona abin da aka ɗebe.

Ya kuma yaɗa wata ƙa'ida da wani Bajamushe, Carl Sprengel, ya fara kawowa: sinadarin da ya fi ƙaranci a gona shi ke tsayar da yawan amfani. Ana kwatanta ta da gangar da aka haɗa da katakai, wasu dogaye wasu gajeru. Komai ruwan da aka zuba, ta gajeren katako zai zube.

Misali daga shinkafa

Mu ɗauki sinadarin salfa, wanda Hausawa ke kira farar wuta. Shinkafa tana shan sa ta saiwa bayan ya narke a ruwan ƙasa, kuma da shi take haɗa furotin, wato abinci mai gina jiki. Idan ya yi ƙaranci sai ta tsumbure, ba ta yin gindi sosai, sabbin ganyenta su yi ruwan ɗorawa, ta kuma makara wajen nuna.

Manomi yana iya ganin haka ya ƙara zuba yuriya, alhali yuriya ba ta da salfa ko kaɗan, sai kuɗinsa ya tafi a banza. Ga yadda ake bambancewa: ƙarancin naitirojin, wanda yuriya ke magancewa, a tsofaffin ganye yake fara bayyana, na salfa kuwa a sabbi. Takin Supa yana ɗauke da salfa. Ƙona ragowar shinkafa bayan girbi kuma yana sa salfa mai yawa ya bi hayaƙi.

Kuskurensa da mutuwarsa

Liebig ma ya yi kuskure. Ya zaci shuka tana samun isasshen naitirojin daga iska, kuma takin da ya haɗa bai yi aiki ba saboda ba ya narkewa da sauƙi. Wasu masana biyu a Ingila, Lawes da Gilbert, sun nuna ta gwaji a gona cewa alkama tana buƙatar takin naitirojin.

A 1852 ya koma birnin Munich, inda ya mutu ranar 18 ga Afrilu, 1873. Yau jami'ar Giessen sunansa take ɗauke da shi.

'Yan uwa, idan aka je gona lokacin hutu aka ga shinkafa ta yi ruwan ɗorawa, a fara duba waɗanne ganye ne suka canja, kuma a tuntuɓi malamin gona kafin a sayi taki.