FRIDTJOF NANSEN: MUTUMIN DA ƘANƘARA TA KOYA WA HALIN TEKU

Mu mutanen Tambuwal da Kebbe tsakaninmu da teku ya fi kilomita 600, amma rayuwarmu ba ta rabu da shi ba. Iskar da ke kawo mana damina daga Tekun Atlantika take tasowa, kifin gwangwani da kifin ƙanƙara da muke saya a kasuwa kuma daga can suke. Saboda haka a wannan shekara mun zaɓi mu ba ɗalibanmu tarihin Fridtjof Nansen, mutumin ƙasar Norwe, wanda lurarsa ta buɗe wa masana hanyar gane yadda iska ke tafiyar da ruwan teku.

Ƙuruciyarsa

An haifi Nansen ranar 10 ga Oktoba, 1861, kusa da birnin Kiristiyaniya, wanda yanzu ake kira Oslo. Mahaifinsa lauya ne. Tun yana yaro ya ƙware wajen tafiya kan ƙanƙara da dogayen takalman katako na zamiya. Ya shiga jami'a a 1881 don koyon ilimin dabbobi, a 1882 kuma ya bi wani jirgin mafarauta zuwa tekun arewa mai nisa, inda ya fara ganin ƙanƙara shimfiɗe a kan ruwa iyakar ganin ido. Ya yi shekara shida yana aiki a gidan adana kayan tarihi na Bergen, ya sami digirin dakta a 1888. A wannan shekara shi da abokansa biyar suka zama mutane na farko da suka ratsa tsibirin Girinlan daga gabas zuwa yamma. Da gangan ya fara daga gaɓar da ba kowa, domin kada wani ya yi tunanin komawa baya.

Jirgin Fram

A 1881 ƙanƙara ta murƙushe wani jirgin Amurka mai suna Jeannette a arewacin Saiberiya. Bayan shekara uku aka tsinci tarkacensa a gaɓar Girinlan, can ɗaya gefen duniya. Nansen ya yarda da masu cewa lalle akwai ruwa mai gudu ƙarƙashin ƙanƙarar, kamar kogi a cikin teku, wanda ya kwaso kayan. Sai ya yi shawarar ya bar ƙanƙara ta kama jirginsa, ruwan ya ɗauke shi. Manyan matafiya da yawa suka ce wannan kashe kai ne.

Ya sa wani maƙerin jirage, Colin Archer, ya ƙera masa jirgi mai gindi kamar ƙwarya, yadda in ƙanƙara ta matse shi zai sulluɓe ya yi sama maimakon ya fashe. Aka sa masa suna Fram, ma'anarsa gaba. Suka tashi a Yuni 1893, su goma sha uku, a Satumba kuwa ƙanƙara ta kama su. Jirgin ya yi kusan shekara uku a cikinta. Kullum suna auna iska, da sanyi, da zurfin ruwa, da inda suke, suna rubutawa. Sun gano tekun nan yana da zurfin fiye da mita 3,000, alhali dā ana zaton ba shi da zurfi.

A Maris 1895 Nansen da Hjalmar Johansen suka bar jirgin da karnuka, suka nufi ƙurewar arewacin duniya. Sun kai digiri 86, inda ba wanda ya taɓa kaiwa, sannan suka juyo don abincinsu ya kusa ƙarewa. Suka yi wata takwas a bukkar duwatsu suna cin naman dabbobin da suka harbo, har suka gamu da wani Baturen Ingila, Frederick Jackson, a Yuni 1896. A Agusta suka isa gida, bayan mako guda Fram ma ya iso. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Abin da ya lura da shi

Cikin littattafan awon nan akwai wani abu da mai gaggawa zai ɗauka kuskure ne. Ƙanƙarar ba ta bin iska kai tsaye. Kullum tana karkata zuwa dama da digiri 20 zuwa 40. Nansen ya yi tunanin juyawar duniya ce ke jawo haka, amma ya san lissafin yana bukatar gwani. Matambayi ba ya ɓata. Ya kai maganar wurin Farfesa Vilhelm Bjerknes, shi kuma ya ba ɗalibinsa, wani saurayi ɗan Suwidin mai suna Vagn Walfrid Ekman, wanda ya fitar da cikakken bayani a 1905.

Ga yadda abin yake. Saboda duniya tana juyawa, duk abin da ke tafiya mai nisa a kanta yana karkata dama a rabin duniya na arewa, hagu a rabin kudu. Iska tana jan ruwan da ke sama, ya karkata dama. Shi kuma ya ja na ƙarƙashinsa, wanda ke ƙara karkata, yana rage gudu, haka har kimanin mita 100 ƙasa. In an haɗa tafiyar ruwan gaba ɗaya, sai a ga ya ratsa hanyar iska ta dama, kamar kusurwar littafi. Wato in iska ta nufi kudu, ruwan ya nufi yamma.

Yanzu mu buɗe taswirar Afirka ta Yamma. A gaɓar Maroko da Muritaniya da Senegal iska tana busowa daga arewa, tana bin gaɓa zuwa kudu. Dangin iskar hunturu ce da muka sani. Saboda haka ruwan sama-sama yana barin gaɓa ya yi yamma, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya cike gurbinsa, kamar yadda in ka hura kunu a ƙwarya na sama ya matsa, na ƙasa ya ɓullo. Ruwan ƙasan nan cike yake da taki, domin duk abin da ya mutu a teku can yake nutsewa ya ruɓe. Da ya iso inda hasken rana ke kaiwa sai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani su yaɗu, ƙananan halittu su ci su, kifin sadin ya ci waɗannan, manyan kifaye su bi shi. Kowane manomi ya san gonar da aka zuba wa taki.

Manyan wuraren da haka ke faruwa huɗu ne: arewa maso yammacin Afirka, da gaɓar Namibiya, da Peru, da Kalifoniya. Ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin teku ba, amma kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kifin da ake kamawa a teku daga nan yake. In ruwan ƙasa ya daina kawo taki kuwa, yunwa ce ga masunta. A Peru an kama kimanin tan miliyan 12 a 1970. A 1972 ruwan ɗumi ya rufe gaɓar, ga kuma kamun da ya wuce kima, sai sana'ar ta durƙushe.

Hidimarsa ga mutane

Nansen ya taimaki ƙasarsa ta rabu da Suwidin cikin lumana a 1905, ya zama jakadanta a Landan daga 1906 zuwa 1908, sannan ya koma binciken teku. Amma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ajiye aikin da ya fi so. Daga 1920 zuwa 1922 ya shirya mayar da fursunonin yaƙi fiye da 400,000 gidajensu. Ya yi ta roƙon abinci domin masu yunwa a Rasha, ko da gwamnatoci suka ƙi ba shi kuɗi. Ya kuma fito da takardar tafiya domin 'yan gudun hijira da ba su da ƙasa, wadda aka sani da fasfon Nansen. An ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1922, ya ba da kuɗin ga aikin agaji. Ya rasu ranar 13 ga Mayu, 1930, yana da shekara 68.

Sunansa bai tsaya a Turai ba. Tun daga 1975 jiragen bincike masu sunansa suka yi ta auna yawan kifi a gaɓar Afirka. A 2017 kuma lambar Nansen ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake ba masu taimakon 'yan gudun hijira, ta zo Najeriya, aka ba Zannah Mustapha na Maiduguri saboda makarantar marayu da ya kafa.

Ɗalibai, Nansen bai kai ƙurewar arewa da ya nufa ba. Abin da ya fi amfanar duniya daga tafiyarsa shi ne awon da aka yi kullum cikin sanyi da duhu, aka rubuta da gaskiya, ba a gyara shi don ya dace da zato ba. In awonku a ɗakin kimiyya ya saɓa wa abin da kuke tsammani, kada ku goge shi. Ku sake aunawa, sannan ku kai wa malaminku.