Ted Williams

Theodore Samuel Williams (30 ga Agusta, 1918 – 5 ga Yuli, 2002), wanda aka fi sani da Ted Williams, ɗan wasan besbol ne na ƙasar Amurka. Ya yi wa ƙungiyar Boston Red Sox wasa daga 1939 zuwa 1960. Ya shahara da kaifin ido da iya tantance ƙwallon da ya dace a buga.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin San Diego na jihar Kalifoniya, kuma ya yi karatu a makarantar sakandare ta Herbert Hoover. Ya fara da ƙungiyar garinsu, San Diego Padres, kafin Red Sox ta ɗauke shi.

Kaifin ido

A besbol, mai jifa yana wurgo ƙwallo daga tazarar mita 18.44, mai bugu kuma ya tare ta da gora. Ƙwallo mai gudu kan iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, don haka dole mai bugu ya gane inda ta nufa tun tana barin hannun mai jifa.

Da Williams ya shiga sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, gwajin likita ya nuna ƙarfin ganinsa 20/10 ne, wato yana hango abu daga ƙafa 20 kamar yadda mai lafiyar ido ke ganinsa daga ƙafa 10. Jama'a sun yi ta yaɗa labarai a kan idanunsa, amma shi ya fi danganta nasararsa ga atisaye, nazarin masu jifa da haƙurin jiran ƙwallo mai kyau.

A littafinsa The Science of Hitting, wanda ya rubuta tare da John Underwood, ya kasa yankin bugu gida 77, kowane gida girman ƙwallo ɗaya, ya nuna inda yake bugu da kyau da inda yake da rauni.

Kakar 1941

A ranar ƙarshe ta kakar 1941, matsakaicin bugunsa .39955 ne, wanda a lissafi za a cike shi zuwa .400 ko da bai yi wasa ba. Williams ya zaɓi ya shiga wasanni biyu na ranar a Filadelfiya, duk da haɗarin makinsa ya faɗi. Ya ci nasara sau 6 cikin 8, ya kammala da .406. Tun daga lokacin babu wanda ya sake kai .400 a kaka guda a manyan gasannin biyu na Amurka.

Aikin soja da ritaya

Bai buga kakar 1943 zuwa 1945 ba saboda aikin soja. An sake kiransa a Yaƙin Koriya, inda ya tuƙa jirgin yaƙi sau 39 a fagen fama. Ya yi ritaya a 1960 da matsakaicin .344, kuma sau 521 yana yin bugun hom-ran, wanda ke ba mai bugu damar zagaye fili gaba ɗaya. An saka shi a zauren gwarzayen besbol a 1966.

Mutuwa

Shanyewar ɓarin jiki da ta same shi a 1994 ta rage masa gani ƙwarai. Ya mutu a Inverness, jihar Fulorida, yana da shekara 83.