Manuel Ponce: Gwanin da ya sa wa kiɗansa sunan mamaci

Tun daga 1930 masu sayen faifan garmaho a Turai suka riƙa sauraron wani kiɗan jita da aka ce na Sylvius Leopold Weiss ne, makaɗin fadar Dresden ta Jamus wanda ya rasu a 1750. Weiss bai taɓa jin kiɗan ba. Wanda ya tsara shi yana nan da ransa a birnin Faris: Manuel María Ponce, ɗan ƙasar Meziko.

An haifi Ponce ranar 8 ga Disamba, 1882, a garin Fresnillo, ya tashi a Aguascalientes. Bayan ya karanci kiɗa a Italiya da Jamus, ya koma gida yana tattara waƙoƙin talakawa yana kai su zaurukan manya, a zamanin da masu hannu da shuni ba sa ganin ƙimar kiɗa sai na Turai. Waƙarsa Estrellita ta 1912 ta zagaya duniya.

A 1923 ya haɗu da Andrés Segovia, makaɗin Sifaniya da ke fafutukar sama wa jita mutunci a manyan zauruka. Damuwar Segovia ita ce ƙarancin kaɗe-kaɗe masu nauyi da aka rubuta domin jita. Ponce ya koma Faris a 1925, ya zama ɗalibin Paul Dukas yana da shekara fiye da 40, kuma a can ya duƙufa kan cike wannan giɓi.

A 1929 ya tsara kiɗa mai kashi biyar bisa salon Barok, wato salon zamanin Bach: mabuɗi ɗaya da raye-rayen fada huɗu. Weiss ya yi zamani da wani molon Turawa mai tsirkiya fiye da ashirin. Ponce kuwa a kan tsirkiya shida ya jera muryoyi biyu zuwa uku, kowace tana bin hanyarta. Da yardarsa Segovia ya liƙa wa kiɗan sunan Weiss, aka kuma danƙa wani makamancinsa ga Alessandro Scarlatti na Italiya.

Wasan ya zarce inda aka nufa. Takardun kiɗan na asali sun salwanta sa'ad da aka wawushe gidan Segovia a Barcelona a yaƙin basasar 1936. Wasu suka kwafo shi da kunne daga faifai, aka buga shi da sunan Weiss, ɗalibai suka haddace shi a matsayin gadon Jamusawa.

Ponce ya rasu a birnin Meziko ranar 24 ga Afrilu, 1948. Wasiƙun da Segovia ya rubuta masa, waɗanda aka wallafa a 1989, sun nuna yadda aka ƙulla zancen. Yau da sunansa ake kaɗa kiɗan. Sai dai tambaya ɗaya ta rage wa masu sauraro: a tsawon shekarun nan, kiɗan suka yaba, ko sunan Baturen da ke jikin faifan?