Barbara McClintock: Matar da Ta Karanta Sirrin Masara

Dukanmu mun saba ganin masara mai dabbare-dabbare, wata tsabar fara, wata ja, wata kuma da ɗigo-ɗigo. Mu dai mukan gasa mu ci. Amma akwai wata mata da ta ba da ranta ga neman dalilin wannan launi.

An haifi Barbara McClintock a garin Hartford na ƙasar Amurka a 1902. Mahaifiyarta ba ta so ta shiga jami'a ba, don tsoron kada ta rasa mijin aure. Duk da haka ta shiga Jami'ar Cornell a 1919, ta sami digirin dakta a ilmin tsire-tsire a 1927. Daga 1941 ta zauna a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor, tana shuka masararta da hannunta, tana duba ta a madubin ƙara girma.

A zamanin nan masana sun ɗauka ƙwayoyin gado, wato abubuwan da ɗa ke gada daga iyaye, a jere suke kamar duwatsun wuya, ba sa motsi. Ita kuwa ta gano waɗansu suna tashi daga mazauninsu su faɗa wani wuri. In irin wannan ta faɗa cikin ƙwayar gadon launi sai launin ya ɗauke, in ta fita sai ya komo. Dalilin ɗigo-ɗigon ke nan.

Da ta bayyana wannan a taron masana a 1951, kaɗan ne suka fahimce ta. Daga 1953 ta rage buga sakamakon wannan bincike, amma ba ta bar aiki ba. Bayan shekaru aka ga irin waɗannan ƙwayoyi masu tsalle a bakteriya da ƙudaje da mutane. A shekarun 1980 ma an tarar da wata ta fita daga jikin tsutsar da ke cin ganyen kabeji ta shige cikin bairos da ke kama tsutsar. Yau masana suna amfani da ita, mai suna piggyBac, wajen sa sabuwar ƙwayar gado cikin halitta.

A 1983 aka ba ta lambar Nobel ta fannin likitanci, ita kaɗai, tana da shekara 81. Ta rasu a 1992.

Ɗalibanmu, musamman 'yan mata, mu lura: shekara 32 ta jira, ba ta musanta abin da idonta ya gani ba. Mahaƙurci mawadaci.