William Seymour, Mutumin da Aka Rufe wa Ƙofa

Ƙaunatacce, an taɓa rufe maka ƙofa? Tuna da William Seymour. An haife shi a Amurka a 1870, ɗan 'yantattun bayi, kuma agana ta kashe masa ido ɗaya. A makarantar Littafi Mai Tsarki, daga waje yake sauraro domin shi baƙar fata ne. A 1906 a Los Angeles, aka garƙame masa majami'a saboda wa'azinsa kan baftismar Ruhu Mai Tsarki. Sai ya koma addu'a a gidajen 'yan'uwa. Farkawa ta sauko, taro ya koma titin Azusa, baƙi da farare suna sujada tare, jaridu suna ba'a. Ya rasu a 1922. Kai ma, in mutum ya rufe maka ƙofa, durƙusa.