Andrew Watson, Baƙin Mutum da ya Shugabanci 'Yan Ƙwallon Sikotlan

Yau za mu ba masu karatu labarin wani mutum wanda ya yi suna ƙwarai a zamaninsa, sa'an nan duniya ta manta da shi, har littattafai suka riƙa ɓata shekarar mutuwarsa da ƙasar da ya mutu. Sunansa Andrew Watson, shi ne baƙin mutum na farko da ya yi wa wata ƙasa wasan ƙwallon ƙafa.

An haife shi ran 24 ga watan Mayu, 1856, a Demerara ta ƙasar Giyana, can Amurka ta Kudu, wadda a lokacin nan tana hannun Ingilishi. Ubansa, Peter Miller Watson, Baturen Sikotlan ne mai dukiya, uwarsa kuwa baƙar mace ce 'yar ƙasar. Dukiyar nan daga gonakin rake ta fito, a ƙasar da aka daɗe ana noman rake da ƙarfin bayi. Tun yana yaro aka kai shi Ingila makaranta. Da uban ya rasu cikin 1869 ya bar masa gado mai yawa, shi da 'yar'uwarsa. Cikin 1875 ya shiga Jami'ar Glasgow don koyon lissafi da aikin injiniya, amma bai daɗe ba ya fita.

A Glasgow ne ƙwallo ya kama zuciyarsa. Ya fara da ƙananan ƙungiyoyi, Maxwell da Parkgrove. A Parkgrove har shi ne magatakardan da ke shirya wasanni, watau ya iya alƙalami kamar yadda ya iya ƙafa. Mai tsaron baya ne, ga ƙarfi ga sauri. Cikin 1880 sai Queen's Park ta ɗauke shi.

To, sai mu tsaya kaɗan mu bayyana matsayin wannan ƙungiya. An kafa ta cikin 1867, ita ce uwar ƙungiyoyin Sikotlan, 'yan wasanta kuwa ba a biyansu ko anini. A zamanin nan babu gasar lig, sai cikin 1890 aka fara ta. Abin da ake taƙama da shi biyu ne kurum: Kofin Sikotlan, da karawar shekara shekara da Ingila. Akwai kuma bambancin dabara. 'Yan Ingila kowa ya sami ƙwallo sai ya nausa da shi shi kaɗai har a ƙwace, mutanen Queen's Park kuwa miƙa wa juna suke yi, wannan ya ba wancan. Duk wanda ya kalli wasa a yau ya san dabarar da ta yi rinjaye.

Kakar wasa ta 1880 zuwa 1881 ita ce tauraronsa ya haska. Ran 12 ga Maris, 1881, Sikotlan ta je Landan ta kara da Ingila a filin Oval. Ran nan ne Watson ya fara yi wa ƙasa wasa, kuma shi aka ba shugabancin 'yan wasa. Aka tashi Sikotlan na da 6, Ingila 1. Har yanzu ba a taɓa cin Ingila a gidanta da rata mai yawa haka ba. Mu dai muna ganin abin lura a nan ba yawan cin ba ne kaɗai. A daidai zamanin da Turawa ke shirin raba Afirka tsakaninsu, ga ɗan baƙar mace yana gaba, Turawa goma na bin umurninsa a tsakiyar Landan. Lalle kuɗin ubansa da iliminsa sun buɗe masa ƙofofin da talaka ba zai samu ba, amma kuɗi ba sa tare ƙwallo.

Bayan kwana biyu suka ci Wales 5 da 1. Da suka koma gida sai wasan ƙarshe na Kofin Sikotlan, tsakanin Queen's Park da Dumbarton. Queen's Park ta ci 2 da 1, Dumbarton ta kai ƙara cewa 'yan kallo sun kutsa cikin fili, aka ce a sake. Da aka sake cikin Afrilu, Queen's Park ta kuma ci 3 da 1, Watson ya sami kofinsa na fari.

Shekara ta zagayo, 1882, suka sake cin Dumbarton a wasan ƙarshe, Sikotlan kuma ta ci Ingila 5 da 1 a Glasgow. Wasa uku ke nan ya yi wa ƙasa: sun ci 16, an ci su 3. Daga nan bai ƙara ba, ba kuwa don ƙarfinsa ya ragu ba. Aiki ya kai shi Landan, ita kuwa Sikotlan a lokacin nan ba ta zaɓen wanda ke wasa a waje. A shekaran nan kuma matarsa ta fari ta rasu.

A Ingila ya yi wa Swifts da Corinthians wasa, ya komo Queen's Park ya ɗauki kofi na uku cikin 1886, sa'an nan ya koma Liverpool ya zama injiniyan jirgin ruwa. Teku ta ɗauke shi, jaridu suka daina ambatonsa.

Shekaru masu yawa ana rubuta cewa ya mutu a Ostareliya wajen 1902, wannan ya kwafa daga wancan. Sai da wani mai binciken tarihin ƙwallo, Andy Mitchell, ya bi takardu sa'an nan gaskiya ta fito: ciwon huhu ne ya kashe shi a Kew, cikin Landan, ran 8 ga Maris, 1921, yana da shekara 64, aka binne shi a maƙabartar Richmond. Cikin 2012 aka sa sunansa cikin jerin gwanayen ƙwallon Sikotlan. Baƙin mutum na biyu da ya sa rigar ƙasar shi ne Nigel Quashie, wanda ubansa mutumin Gana ne, cikin 2004, shekara 122 bayan wasan Watson na ƙarshe.