William Beaumont, Likitan Da Ya Leƙa Tumbin Mutum Mai Rai

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya, a Bacirawa ko a wani ƙauye na karkarar Kano, ya san kayan ciki da sunayensu: ga tumbi, ga hanji, ga hanta da matsarmama manne a jikinta. Amma abin da mahauci yake gani kaya ne da suka riga suka daina aiki. Yadda tumbin mai rai yake sarrafa tuwon da aka ci da dare kuwa, wannan ya daɗe yana gagarar masana, har sai da wani likitan soja na Amurka mai suna William Beaumont ya sami ƙofar leƙawa.

An haifi Beaumont ranar 21 ga Nuwamba 1785 a garin Lebanon cikin jihar Connecticut. Ɗan manomi ne, bai kuwa taɓa shiga jami'a ba. Ya fara da aikin malanta a garin Champlain, sa'an nan ya koma St. Albans ya yi almajiranci na shekara biyu a hannun Likita Benjamin Chandler. Cikin shekarar 1812 aka ba shi takardar izinin aikin likita, a shekarar ce kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Ingila, sai ya shiga soja ya zama mataimakin likitan fiɗa. Cikin 1820 aka tura shi barikin Mackinac, wani tsibiri da ke kusa da iyakar Kanada, inda fatake suke haɗuwa cinikin fatun namun daji.

Ranar 6 ga Yuni 1822 bindiga ta tashi bisa kuskure a kantin kamfanin fatu, ta sami wani saurayi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin, wanda sana'arsa tuƙin kwalekwale ce. Harbin ya same shi a gefen hagu, ya karya masa haƙarƙari, ya taɓa huhu, ya huda tumbi, har abincin da ya karya kumallo da shi ya riƙa zubowa. Beaumont ya wanke ciwon ya ɗaure, amma bai sa masa ran rayuwa ba. Da yake da sauran shan ruwa a gaba, saurayin ya tashi. Sai dai hujin ya ƙi rufewa: bakin tumbin ya manne da fatar jiki, ya bar ƙofa wadda yatsa yake shiga.

Cikin 1823 hukumar gari ta ce ba za ta ƙara ɗaukar nauyin majinyacin ba, za ta mai da shi Kanada. Beaumont ya ga tafiyar za ta kashe shi, sai ya ɗauke shi zuwa gidansa, ya yi jinyarsa, daga baya ya mai da shi bara mai faskare da aike.

A wancan zamani likitoci sun rabu a kan aikin tumbi. Wasu sun ce niƙa yake yi kamar dutsen niƙa, wasu sun ce dafawa yake yi kamar tukunya, wasu kuma sun ce abinci ruɓewa yake yi ko tsima kamar gasara. Tun 1752 wani Bafaranshe, Réaumur, ya gwada da shirwa, ya ga alamar akwai ruwa mai narkarwa, amma ba wanda ya zauna ya duba na mutum dalla-dalla. A lokacin nan kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana mulki a Sakkwato, shi ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir.

Ranar 1 ga Agusta 1825 Beaumont ya fara gwaji. Ya ɗaura guntayen nama da burodi da kabeji a zaren siliki, ya zura su ta hujin, yana jawo su bayan awa ɗaya, bayan awa biyu, yana rubuta abin da ya rage. Ya sa ma'aunin zafi ya tarar da digiri 100 na Faranhait, watau wajen 38 na santigireti. Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne da ya zuƙo ruwan tumbin ya zuba a kwalba, ya jefa nama a ciki. Muddin kwalbar tana da ɗumi irin na jiki, naman narkewa yake yi, ko da yake a hankali. In ta yi sanyi sai aiki ya tsaya. A kwalba dai babu niƙa, naman kuma bai yi wari ba, saboda haka maganar ruɓewa ta faɗi. Ruwan ne mai aikin, motsin tumbi kuwa gauraya abinci yake yi da shi, ya tura shi gaba kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji.

Ya lura kuma da abubuwan da kowane ma'aikacin ofis ya kamata ya sani. In St. Martin ya fusata, ko zazzaɓi ya kama shi, ruwan tumbi yakan ragu, abinci ya daɗe bai narke ba. In ya sha barasa ya wuce kima, bangon tumbin yakan yi ja, ya yi tabo-tabo. Abincin da aka tauna sosai ya fi saurin narkewa, mai maiƙo kuma ya fi nawa. A jadawalinsa dafaffiyar shinkafa awa 1 take ɗauka, gasasshen naman shanu kuwa wajen awa 3. Ruwan da ya aika wa Farfesa Robley Dunglison na Jami'ar Virginia an auna shi an sami asid mai suna haidirokulorik, abin da ya gaskata binciken William Prout na Ingila. Cikin 1833 ya buga littafinsa a Plattsburgh, mai ɗauke da gwaji 238.

Ba duka ya gano ba. Ta hujin nan tumbi kaɗai ake gani, shi ya sa ya ba shi matsayin da ya fi ƙarfinsa. Cikin 1836 Theodor Schwann na Jamus ya gano fefsin, sinadarin da yake farfasa nama tare da asid ɗin. Bayansa Claude Bernard ya nuna aikin ruwan fankiriyas wajen narkar da mai. A yau an san cewa mafi yawan narkewa da tsotsar amfanin abinci a ƙaramin hanji ake yi, mai tsawon wajen mita 6, inda ruwan matsarmama da na fankiriyas suke zuba. Babban hanji kuma, mai wajen mita ɗaya da rabi, shi yake tsotse ruwan da ya saura.

Zaman mutanen biyu bai yi daɗi ba. St. Martin yakan yi awa da awa a kwance da yunwa ana zura masa zare da bututu, har kansa ya yi ciwo, jiri ya ɗebe shi. Cikin 1825 ya sulale ya koma Kanada ya yi aure, sai 1829 aka shawo kansa ya dawo. Cikin 1832 suka ƙulla yarjejeniya a rubuce: dala 150 a shekara da ci da wurin kwana, shi kuma ya miƙa cikinsa. Mutumin bai iya karatu ba, alama kawai ya yi a madadin sa hannu. Gaskiya ne Beaumont ya ceci ransa, amma da wuya a ce ya dube shi da idon abokin aiki, domin har ƙarshe bara ya ɗauke shi. Cikin 1834 St. Martin ya tafi gida, duk wasiƙun da likitan ya yi ta aikawa na kusan shekara ashirin ba su dawo da shi ba.

Beaumont ya bar soja ya zauna a birnin St. Louis yana duba marasa lafiya. Cikin Maris 1853 santsin ƙanƙara ya kwashe shi a kan matakala, ya bugu a kai, ya mutu ranar 25 ga Afrilu yana da shekara 67. St. Martin kuwa, da hujinsa, ya ƙara shekara 27 a bayan likitansa, ya mutu cikin Yuni 1880 a lardin Quebec. Shahararren likitan nan William Osler ya nemi a ba shi tumbin domin a ajiye a gidan tarihi, iyalin suka ƙi. Sun bar gawar kwana da kwanaki har ta lalace, sa'an nan suka binne ta a rami mai zurfi ba tare da alama ba, don kada wani likita ya tono ta. Sai cikin 1962 aka kafa allon tunawa da shi kusa da wurin.